Kamfanin manhaja ya ce sai na sayi akwatinsa, tatsa ce ko gaskiya?

Tambaya: Malam, ni ke kula da rassa 12 na kamfaninmu, kuma za mu kafa allunan sanarwa da talla na lantarki a kowane reshe. Masu manhajar da muka zaɓa sun ce mu haɗa da ɗan akwatin da suka ƙera da kansu, alhali manhajar tana aiki a kan Fire TV Stick, ƙaramar na'urar Amazon mai araha da ake jonawa a talabijin. Me ya haɗa mai rubuta manhaja da ƙera na'ura? Ba hanyar tatsar mu ba ce?

Amsa: Hajiya, zarginki yana da makama, amma yawanci ba kwaɗayi ne ke kai su ba, wahala ce.

An yi Fire TV Stick ne don mai kallon fim a falo, da rimot a hannu. Idan ya daskare, ya tashi ya zare ya mayar. Allon talla kuwa yana maƙale kusa da silin, yana aiki daga safe har dare, wani ma ba a kashe shi sam, kuma ba mai tsaronsa. A ɗauke wuta a dawo da ita, sai ki iske shi tsaye a shafin farko yana jiran a danna masa. Ko kuma sabuntawa ta sauko da tsakar dare, gari ya waye manhajar ta ƙi tashi. Ba wanda zai tuhumi mai na'ura. Mai manhaja za a kira, shi kuma ba shi da iko da abin da ya lalace.

Wannan ikon suke nema. Wanda ya ƙera akwatinsa shi ke yanke lokacin sabuntawa, bayan ya gwada ta a kan na'ura iri ɗaya tak. Yana iya sa mata ɗan mai gadi a ciki, wanda ke sake kunna ta da zarar ta yi shiru. Yana cire fanka don kada ta zuƙi ƙura, ya kafe ma'adanar bayanai a jikin na'urar maimakon katin memori, wanda yanke wuta yakan lalata. Kuma daga ofishinki za ki ga abin da kowane allo ke nunawa. Don ki ga haɗarin sabuntawar da ba ta hannunki, ki tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawa guda daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, allunan filayen jirgin sama suka koma shuɗi. Kayan wani ma yana iya ɓacewa daga kasuwa: Intel ta daina ƙera ƙaramar kwamfutarta NUC a 2023 ta miƙa wa ASUS, Google ta dakatar da Chromecast, na'urarta ta jonawa a talabijin, a 2024. Amazon da kanta ta fitar da Signage Stick daban domin wannan aiki, abin da ke nuna na falo bai wadatar ba.

Inda zarginki ya yi daidai shi ne akwatin yana ɗaure ki. Don haka kafin ki sa hannu, ki tambaye su a rubuce: idan kun daina biyan kuɗin wata, akwatin zai karɓi manhajar wani kamfani ko ya zama kwandon shara? Shekara nawa za su ci gaba da toshe kafofin kutse? Idan ya mutu, cikin kwana nawa wani zai iso? Ki kuma tambayi abin da ke cikinsa, domin wasu ƙaramar kwamfutar nan ta kasuwa ce, Raspberry Pi, aka yi wa sabuwar riga. Wannan ba aibi ba ne, ni ma na fi natsuwa da shi, tunda akwai manhajoji da dama da ke hawa kansa.

Da allo ɗaya ne a gabanki, da na ce ki sayi mai arahar. Amma rassa 12, kuɗin tura ma'aikaci ya hau tsani sau biyu ko uku zai cinye rarar. Ki sayi akwati biyu tukuna, ki kafa su a reshen da ya fi zafi da raunin intanet, ki riƙa zare musu wuta da gangan har wata guda.

Tambaya: Allunanmu na Samsung ne na kasuwanci. Dole sai mun ƙara akwati?

Amsa: Ba dole ba, Alhaji. Suna zuwa da tsarin aikinsu a ciki, wato Tizen, kamar yadda na LG ke zuwa da webOS, kuma manhajoji da yawa suna hawa kansu kai tsaye. Hotuna da gajeren bidiyo ba sa gagarar su. Sai dai gilashin yakan fi ƙwaƙwalwar daɗewa. Ranar da ta fara jan ƙafa, sai ka jona akwati ta HDMI ka ci gaba da allonka.