Kun Tambaya, Mun Amsa: Motar Kara, Langa da Kududdufin Unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. A Fagge na tashi, yanzu ina koyarwa a firamare. Ina so in koya wa ɗalibaina ƙera motar kara irin ta ƙuruciyarmu, amma duk wadda muka haɗa sai ta wargaje kafin a tashi makaranta. Ina kuskuren yake? Daga wani malami a Kurna, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Yawancin kuskuren tun wajen zaɓen kara ake yin sa. Karan dawa ake nema, domin ya fi na gero kauri da cikar totuwa. A same shi bayan girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ya bushe amma bai kwana biyu a ƙasa ba. Ɗanyen kara yana motsewa idan ya sha iska, sai duk mahaɗa ta saki. Wanda gara ta taɓa kuwa, da ka matsa totuwarsa za ta zama gari a hannunka.

A yanka karan gaɓa-gaɓa, a zubar da ƙullin gaɓar. A ɓare bawon a hankali, kada a yar da shi: totuwa ita ce katako, bawo shi ne ƙusa. A tsaga bawon siriri kamar tsinken ashana, tsawon ɗan yatsa, a fiƙe bakinsa. Wannan aikin babba ne zai yi, saboda bawon kara yana yanka kamar reza.

Gindin mota totuwa 2 ne dogaye, kowacce taƙi ɗaya, da gajeru 3 a gicciye, rabin tsawon dogayen. Nan ne sirrin yake. Kowace mahaɗa tsinke 2 take so, a soka su a karkace, ɗaya ya saɓa wa ɗaya. Tsinke guda a miƙe yana barin totuwar ta riƙa juyawa a kansa, ramin ya faɗaɗa, motar ta kwance. Idan gindi ya tsaya daram, sai a tayar da ginshiƙai 4, a ɗora rufi, a yi bodin baya irin na a-kori-kura.

Taya a yanko ta daga tsohon silifas, ko a goge sakaina a kan dutse har ta zagaye. A ɗora murfin kwalba a zana da'ira kafin a yanka, a huda tsakiya daidai da ƙusa, in ba haka ba mota za ta yi ɗingishi. Sandar taya kuma sifok ɗin keke ne ko tsinken tsintsiyar kwakwa. Kada a soka ta kai tsaye cikin totuwa, za ta cinye ta. A zura ta cikin bututun tsohon biro, a ɗaure bututun a ƙarƙashin gindi da zare.

Abin da ya sa yaran Fagge da cikin birni suka gwanance shi ne kayan aikin a ƙofar gida suke. Langa-langar da ake kwancewa daga dilolin atamfa a Kantin Kwari ita ce ta zama motar langa-langa. Ƙyallen da tela ya share ya zama ƙwallon tsumma da kayan 'yar tsana, guntun fata daga wajen dukawa da tsohon tub daga mai gyaran keke suka haɗu suka zama danƙon harbi. Ka tura ɗalibanka su roƙo irin waɗannan a wurin masu sana'ar unguwarsu, rabin darasin ke nan. Motar gwangwani dai a bar wa 'yan aji 5 da 6, a kuma lanƙwashe bakin gwangwanin da dutse tukuna.

Tambaya: Jikokina sun ji ina zancen langa, sun ce in koya musu. Mu mata gaɗa da carafke muka yi, langa daga soro muke leƙe. Yaya dokokinta suke? Daga wata Hajiya a Yakasai.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya jikoki. Ana raba yara gida 2 daidai wa daida, kamar 5 da 5. Kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya, ya riƙe babban yatsanta da hannun ɗaya ɓangaren, ya riƙa tsalle da ƙafa guda. A sa alamar wurin sha a ƙarshen fili, ko bishiya ko jikin katanga. Ɓangaren da ke da wasa su fitar da mutum ɗaya, shi ne ruwa, sauran su kare shi. Abokan karawa burinsu su kayar da ruwan kafin ya isa. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, ya koma gefe. Ruwa ya kai, an sha su. An kayar da shi, wasa ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Ƙananan dokoki sukan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka a yi yarjejeniya kafin a fara, musamman kan ture da hannu.

A nemi fili mai yashi, a tsince kwalba da ƙusa. Langa a kan siminti ko kwalta karaya take jawowa, domin mai faɗuwa hannu ɗaya gare shi na tokarewa. Kada a haɗa ɗan shekara 7 da ɗan shekara 13.

Tambaya: Muna yara kududdufin bayan gidanmu muke wanka da damina, kuma kusan duk sa'o'ina mun yi fitsarin jini, aka ce mana alamar girma ce. Yanzu ɗana ya fara. In bar shi zai wuce? Daga wani magidanci a cikin birni.

Amsa: Kada ka bar shi, Malam. Wannan tsargiya ce, ba ta da alaƙa da balaga. Kududdufan tsohon birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, ruwan sama da na kwata suka taru a ciki. Akwai ƙananan dodon koɗi a irin wannan ruwa, a jikinsu tsutsar cutar take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, ƙwayayenta su ji wa mafitsarar ciwo, shi ya sa jinin yake fitowa a ƙarshen fitsari. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya koma jikin dodon koɗi, haka take zagaya yaran unguwa.

Jinin yakan ɗauke da kansa alhali tsutsar tana nan, shekara da shekaru tana lalata mafitsara, wani lokaci har ƙoda. Ka kai yaron asibiti a gwada fitsarinsa, an fi ganin ƙwan a fitsarin tsakar rana. Maganin sunansa praziquantel, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha bayan an ci abinci. Ma'aikacin lafiya ne zai auna, ba mai kemis da ido ba. Maganin ba ya hana sake kamuwa, ranar da yaro ya koma ruwan an koma gidan jiya. Ka tafi da sauran yaran gidan a duba su, kai ma ka ba da naka fitsarin, tunda ba ka ce an taɓa ba ka magani ba.