Tambayi Maƙeri: Ka Gyara Ƙasa Kafin Ka Sayi Inji

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Tawa ne. Na yi shekara tara a Abijan ƙarƙashin wani mai haɗa bodin motocin kaya, bana na dawo gida da ɗan abin da Allah ya hore, kamar miliyan biyu da rabi na sefa. A gidanmu akwai fili ta bakin hanya, mita 8 a tsaye, 6 a kwance. Ina son in buɗe wurin kaina, in riƙa haɗa bodi ga masu jigilar albasa, da amalanken jaki, da akwatin babur mai ƙafa uku. Abokaina na cewa in zuba kuɗin a babban injin walda, sauran kaya su biyo baya. Wane inji zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, barka da dawowa, Allah ya sa ka dawo a sa'a. Inji ka tambaye ni, amma ka yi haƙuri, daga ƙasa zan fara.

Lokacin da na bar gun maigidana na kafa rumfata ta farko a nan Yamai, ba nisa da kasuwar Katako, irin shawarar abokanka na bi. Na sayi inji mai nauyin da sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi, na girke shi a kan rairayi ina ji da kaina. Aikin farko da ya shigo amalanke ne na wani mai tallar ruwa. Na yanka, na jera ƙarafa a ƙasa, na ɗinke su da walda mai kyan gani kamar zanen ƙwarya. Da muka ɗora a kan gatarin ƙafafu, sai kusurwa uku suka zauna, ta huɗu ta tsaya a sama, har yarona ya zura yatsu biyu a ƙarƙashinta. Rairayin ne ya lotsa ta gefe guda, firam ɗin ya bi shi ya murɗe, ni kuwa na gasa shi a haka. Mai amalanken bai ce uffan ba. Ya danna kusurwar da tafin hannu, ta yi ƙwas, ya sake dannawa, ya dube ni. Kwana biyu na yi ina yanke abin da na haɗa, ƙarfen da ya lalace kuma daga aljihuna.

Saboda haka kuɗinka na farko daɓen kankare ne zai ci su. Kaurin santimita 12 ya ishi ƙananan motoci, in kana sa ran kamyo zai riƙa shigowa ka kai shi 15. Filinka murabba'in mita 48 ne. A kauri 12, kankaren zai kusa kubik 6, in aka zuba buhu bakwai na kilo 50 a kowane kubik, ka tanadi buhun siminti wajen 40, ban da tsakuwa da yashi da rodi. Kun ma yi sa'a, masana'antar siminti ta Malbaza a jiharku take. Kada ka bar magini ya daidaita da ido. Ka samo siririn tiyo mai haske, ka cika shi da ruwa, ku auna kusurwa huɗu da tsakiya, ruwa ba ya ƙarya. Kafin kankaren ya kama, ka binne guntayen ƙarfe masu kauri guda shida ko takwas, fuskarsu daidai da daɓen. Ranar da aka kawo maka bodin da ya karkace, a jikinsu za ka ɗaura sarƙa ka ja shi ya miƙe. A zafin Tawa da la'asar ake zuba kankare, a rufe shi da tsofaffin buhuna, a yi ta ba shi ruwa mako guda. Wanda ya yi gaggawa a nan, ƙura zai yi ta shara har ya tsufa.

Rumfa kuma ka ɗaga ta ta kai mita 4, don bodi ya shiga ya fita, kuma zafin kwano a watan Afrilu da Mayu kada ya dafa muku ƙwaƙwalwa. Ka toshe gabas da bango, ta nan hadari ke tasowa, ƙurar hunturu ma ta wannan ɓangaren take bugowa. Sauran gefuna ka bar iska ta ratsa. Ƙarfe da tsawon mita 6 ake sayar da shi, don haka gefen nan mai mita 8 kada ka kafa ginshiƙi ko ka ajiye komai a tsakiyarsa. Nan ne hanyar ƙarfe daga bakin titi zuwa wurin yanka.

Na biyu tebur. Ka nemi tol, wato shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe, mai kaurin milimita 8, mita 2 da 1. Nauyinsa ya kai kilo 125, ka zo da masu taya ka. Ba dole sabo ba, a wurin masu tsofaffin ƙarafa ana dacewa, sai dai ka tafi da zare a aljihu: ka ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ka tsuguna ka leƙa ƙarƙashinsa. In haske na wucewa a tsakiya, bar musu kayansu ko da kyauta ne. In za ka ɗora shi a kan ƙafafu, ɗan ɗigon walda nan da can ya isa. Ka bi shi da dogon ɗinki, zafi zai bankare shi, ka koma gidan jiya. Tsayinsa ya tsaya wajen santimita 85 zuwa 90. A kan teburin nan da daɓen nan za ka riƙa auna kowane firam ta kusurwa biyu masu kallon juna. In awon ya zo ɗaya, firam ya daidaita. In bai zo ba, kada ka kunna inji.

Na uku wuta, kuma a nan ne yawancin masu buɗe wuri a gida ke cin tuntuɓe. Mitar gida da wayoyinta don fanka da firiji aka yi su. Ka ɗora musu walda, kullum wuta na yankewa, uwar gida na faɗa, wata rana waya ta narke cikin bango. Ka nemi mitarka daban, ka ja waya mai kaurin murabba'in milimita 6 kai tsaye zuwa rumfa, da abin yanke wuta nata. Layin wuta mai volt 220 ya ishe ka farawa. Mai 380, wato mai layi uku, sai ranar da ka sayi babban injin huda ko na naɗe tol. Ka kuma tuna abin da ya faru a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, masu walda da yawa suka wuni suna kallon juna. Saboda haka ka ware kuɗin gurup, wato janareta. Kada ƙarfinsa ya gaza kVA 7 ko 8. Ƙaramin nan na kunna talabijin, da ka ɗosana sandar walda zai shaƙe, kuma yana iya ƙona maka inji.

To, yanzu ga injinka. Iri biyu ne a gabanka. Akwai tsohon yayi mai naɗin waya, mai nauyi, mai cin wuta kamar gara, amma ba ya mutuwa da sauƙi, in ya ƙone ma akwai masu sake naɗa shi a kowane gari. Akwai kuma ɗan ƙaramin nan na zamani da ake ratayawa a kafaɗa. Ba ya cin wuta sosai, wutarsa a kwance take, kuma yana narka sanda mai lamba 7018 da yawancin tsofaffin ke wahala da ita. Maƙiyinsa ƙura. A Tawa sai ka riƙa buɗe shi kana hure shi da iska duk mako, ka kuma nisanta shi da inda ake gurza ƙarfe, don garin ƙarfe ne ke shiga ya haɗa masa wuta a ciki. Da ni ne kai, ƙaramin zan saya mai ƙarfin wuta amfiya 200, daga baya in sami tsohon yayi na hannu in ajiye don ranar tsiya.

Lambar da aka rubuta a kwali kada ta ruɗe ka. Ka duba farantin da ke jikin injin, inda aka sa kashi 60 cikin ɗari. Ma'anarsa, cikin minti goma zai yi aikin minti shida a wannan ƙarfin, ya huta huɗu. Amfiyar da ke gefen wannan lambar ita ce gaskiyar injin. In mai kanti ya yarda, ka ƙona sanda biyar masu kaurin milimita 3.2 a jere a gabansa. In injin ya ɗauke kafin ka gama, ka yi masa sallama. Sandar 2.5 tana son amfiya 70 zuwa 90, ta 3.2 kuma 100 zuwa 130, ka ga ba ka da abin yi da inji mai amfiya 400. Sanda mai lamba 6013 ta isa aikin amalanke da akwatin babur. Inda nauyi zai hau, 7018, ita kuma ba ta shiri da laima, ka adana ta a rufe musamman da damina. Injin nan mai waya da tukunyar gas da ka gani a Abijan, ka bar shi tukuna. Iskar rumfa na kore gas ɗin, cika tukunyar kuma wata tafiya ce.

Sauran kaya ka san su: injin yanka babba mai faifan milimita 230 da ƙarami mai 115, injin huda, matsi, jak, da sarƙar ɗaga kaya. Abu ɗaya kawai, kada ka cire murfin babban injin yanka, kada kuma ka ɗaura faifansa a ƙarami. Babban faifai an yi shi don juyi 6,600 a minti, ƙaramin inji kuwa yana kai 11,000. In ya tarwatse ba ya tambayar sunan kowa.

Ƙarfe kuma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, ka tuna da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye. Kada ka tara shi da kuɗinka, mai aiki ya ba da kafin alƙalami ka sayo. Kuma ka koyi lissafin nauyi, don masu albasa za su ce ka sa musu mai kauri. Kowane milimita ɗaya na tol kilo 7.85 ne a murabba'in mita. Ƙasan bodi mai mita 4 da 2, in ka sa milimita 3 kilo 188 ne, in ka sa 5 ya zama 314. Bambancin ya kai nauyin babban buhun albasar Galmi, wanda motar za ta yi ta ɗauka kyauta zuwa da dawowa. Ƙarfin bodi a haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa yake. Shasin mota kuwa kada ka gitta masa walda a leɓensa na sama ko na ƙasa, nan yake tsagewa a hanya mai ramuka. Da bulon, wato ƙusa mai noti, ake kama bodi, mai lamba 8.8 a kansa. Duk lokacin da za ka yi walda a jikin mota ka cire kan batir, ka maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda kake aiki.

Ka ce filin a gida yake. To ka yi katanga ta bulo tsakanin rumfa da tsakar gida, ba zana ba. Tartsatsin gurza yana tafiya mita da yawa, ga harawar dabbobi, ga masu sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara su zauna a bakin ƙofa. Yara kuma kamar ƙwari suke da hasken walda, ka sa labulen tol ta gefen titi. Kafin ka sauke buhun siminti na farko, ka je ka gaida mai unguwa da maƙwabtanka na dama da hagu, ka gaya musu da bakinka cewa ba guduma da azahar, ba inji bayan magariba. Sannan ka bi ta ma'aikatar magajin gari ka yi takardunka.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 16 yana koyon walda a nan Yamai. Sau biyu ke nan yana tashi tsakar dare yana kuka, wai yashi ne a idonsa. Maigidansa ya ce a ɗiga masa madara, ya kuma riƙa shan ta saboda hayaƙi. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Hasken walda ne ya ƙona fatar idon, kuma ba ya nunawa sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yake tashi da dare. Kada a ɗiga madara ko wani abin gida. A sa masa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, ya zauna a duhu, kada ya murza. Yawanci yana lafawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka, ko ganinsa ya ragu, ko ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga, a kai shi wurin likitan ido ranar. Na san yadda abin ke faruwa: maigida na riƙe da abin rufe fuska guda ɗaya tak, yaro na riƙe masa ƙarfe yana kau da kai, ko an ba shi baƙin tabarau na kasuwa. Ki saya masa nasa, gilashi mai lamba 11, ki rubuta sunansa a jiki. Madarar sha kuwa abinci ce mai kyau, amma ba ta tare hayaƙi. Mafi muni shi ne na farin bututun nan mai rufin zinki, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. A gurje rufin kafin walda, a yi aikin a fili, iska na kaɗa hayaƙin gaba.

Tambaya: Baba, tankin fetur na motata yana yoyo. Na juye man, ya kwana biyu a rana. Zan iya kai shi a ɗiga masa walda?

Amsa: A'a, ɗana. Ba man ne ke fashewa ba, tururinsa ne, kuma tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, don iska ta sami wurin shiga ta gauraya da shi. Kwana biyu a rana ba ya fitar da abin da ya maƙale a lungunan tankin. Ni a rumfata ba na karɓar wannan aikin ko nawa za a biya. In ramin ƙarami ne, akwai gam mai haɗi biyu da ake yi don tankin mai, ana shafa shi a sanyi, zai kai ka wani lokaci. In tsatsa ce ta cinye gindin, ka je wurin masu kayan tsofaffin motoci ka nemi wani tankin, ka tafi da naka a hannu don a gwada bakin da maɗauransa.