Tambaya da Amsa: Tsohon Fiyano da Manhajar Haɗa Kiɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo a Kano, kwanan nan na sayi Roland JV-1080 na hannu. Na haɗa shi da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta wayar MIDI, yana kiɗa lafiya. Amma sauti 128 kaɗai nake iya zaɓa daga kwamfuta, alhali na'urar na da ɗaruruwa. Kuma in na rufe aiki na dawo washegari, sai in tarar da wani sauti daban. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau, cikakken adireshi ne ba ka ba ta ba. Lokacin da aka fito da MIDI, hanyar da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni, a 1983, saƙon canza sauti, wanda ake kira Program Change, lamba 0 zuwa 127 kawai yake ɗauka. Da na'urori suka fara zuwa da ɗaruruwan sautuka sai aka kasa su rumbu-rumbu, aka ƙara saƙon zaɓen rumbu, wato Bank Select. Shi kuma kashi biyu ne: CC 0 da ake kira MSB, da CC 32 da ake kira LSB. Ɗauki MSB a matsayin unguwa, LSB layi, Program Change lambar gida. Kai lambar gida kaɗai kake aikawa, shi ya sa duk layin da na'urar take tsaye a kai, nan take neman gidan. Kuma a jere ake tura su: MSB, sannan LSB, sannan Program Change. Na'urar ba ta motsawa sai na ƙarshen ya iso, don haka in ka canza rumbu ba ka sake tura lambar sauti ba, ba za ka ji wani bambanci ba.

A JV-1080, rumbun User shi ne MSB 80, LSB 0. Rumbunan kamfani duk MSB 81 ne: PR-A LSB 0, PR-B LSB 1, PR-C LSB 2, sai na GM (General MIDI, jerin sautuka na bai-ɗaya) LSB 3. In akwai katin ƙarin sauti na SR-JV80 a ciki, MSB 84 ne, kowane gurbi yana cin LSB biyu saboda kati ɗaya kan wuce sauti 128: gurbin A 0 da 1, gurbin B 2 da 3, haka har D da ke 6 da 7.

A FL Studio, danna F10 ka shiga saitin MIDI. A sashen Output zaɓi wayarka, ka ba ta lambar Port, misali 1. Sai ka ƙara MIDI Out a Channel Rack, ka sa masa Port ɗin nan dai, da tashar da na'urar ke saurare. A wajen Bank akwai gurbi biyu, na farko MSB, na biyu LSB, ga Patch kusa da su. Da zarar ka cike su, lambobin sun shiga cikin fayil ɗin aikin, an gama da batun tarar da wani sauti washegari. Sunan da manhajar za ta nuna maka na GM ne, kada ya ruɗe ka. Sauya wa tashar suna da hannunka, kamar "JV PR-B 45".

Abu uku ke hana wannan aiki ko an cike lambobi daidai. Na farko, wasu littattafai da manhajoji daga 1 suke fara ƙirga, wasu daga 0. In ka nemi sauti na 45 ya ba ka na 44 ko na 46, ƙara ɗaya ko ka rage ɗaya, kuma ka duba ko gurbin rumbu ma haka yake yi. Na biyu, a saitin System na na'urar akwai makunnin karɓar Program Change da na Bank Select. Wanda ya riƙe ta kafin kai zai iya kashe su. Na uku ya fi ɓata wa mutane lokaci: in kana son sautuka da yawa lokaci guda dole ka shiga yanayin Performance na na'urar, inda ake da sassa 16, na 10 na ganguna. To akwai Control Channel, wanda yawanci a tasha ta 16 yake zuwa, kuma duk Program Change da ya bi ta nan Performance ɗin gaba ɗaya yake sauyawa, ya rushe maka tsari. Kashe shi, ko ka bar tasha ta 16 babu kowa.

Za ka kuma lura sautin da ya cika kunne a Patch, wato yanayin sauti ɗaya, ya zama siriri a Performance. Ba lalacewa ba ce. EFX, wato injin ƙawata sauti, guda ɗaya tak na'urar ke da shi, sassa 16 ke rabawa. Shawarata, yi tsarin waƙa a Performance, amma in an zo ɗauka, koma Patch ka ɗauki manyan sautuka ɗaya bayan ɗaya. Ya fi cin lokaci, amma ainihin abin da ka sayi na'urar dominsa kenan.

Ga masu manhajar Cubase: a wani wurin lamba ɗaya take nema maimakon biyu. Ninka MSB sau 128 ka tara da LSB. PR-A ya zama 10368, PR-B 10369, User 10240. Kuma tana da MIDI Device Manager, inda in ka ɗora fayil ɗin sunayen na'urar za ka riƙa zaɓar sauti da sunansa. Manhajar Reaper na yin haka da fayil ɗin reabank, rubutu ne zalla da za ka iya bugawa a Notepad: layi ɗaya "Bank 81 0 PR-A", ƙarƙashinsa kowane layi lamba da suna. Masu Yamaha PSR kuwa, waɗanda su suka fi yawa a situdiyoyinmu, su duba jerin sautuka a ƙarshen littafin fiyanon. A samfura da dama Grand Piano yana MSB 0, LSB 112, ganguna kuma MSB 127. Korg Triton na da taswira biyu a Global: a ta KORG rumbun A shi ne 0 da 0, a ta GM2 kuma 63 da 0.

Tambaya: Daga Damagaram nake. Korg M1 ɗina ya fara nuna batir ya yi ƙasa, kuma akwai sautukan da muka gyara da hannu shekara da shekaru. Wani ya ce in na cire batirin duk za su tafi. Gaskiya ne? Kuma zan iya kwashe su zuwa kwamfuta in riƙa kaɗa su a can?

Amsa: Gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa, kuma kada ka kai shi wajen mai gyara kafin ka yi abin da za mu bayyana. M1, wanda ya fito a 1988, yana riƙe Program 100 da Combination 100 ne a ma'adanar da ƙaramin batir CR2032 ke ciyarwa. Batir ya mutu ko an zare shi, har na kamfani sun goge.

Hanyar tsira ita ce SysEx, saƙon da na'ura ke zazzage duk saitinta da shi. Nemi MIDI-OX in Windows ce, ko SysEx Librarian in Mac ce. Rufe manhajar haɗa kiɗa tukuna, domin a Windows sau da yawa manhaja ɗaya ce ke iya riƙe wayar MIDI a lokaci guda. MIDI OUT na fiyano ya shiga IN na wayar, IN nasa ya shiga OUT. A Global na M1 buɗe EXCL, wato makunnin SysEx, a matatar MIDI. A MIDI-OX buɗe tagar SysEx, zaɓi Receive Manual Dump, sannan ka je shafin Data Dump na fiyanon ka tura All Data. Za ka ga adadin bayit na hawa; bari ya tsaya cak kafin ka danna komai, sai ka adana.

Yi haka sau biyu ka gwada adadin. In bai zo daidai ba, wayar ce. Wayoyin USB zuwa MIDI masu arha marasa suna suna wuce kiɗa lafiya, amma dogon saƙo sai su zubar da wani abu a hanya, kuma fayil ɗin da ya rasa ko bayit ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ari Roland UM-ONE ko ka yi amfani da ramin MIDI na saunkad mai kyau. Ajiye kwafi a filas, wani a imel.

Bayan an sa sabon batir, kashe Memory Protect na Program da na Combination, ka tabbata EXCL a buɗe yake kuma tashar Global ita ce wadda ka yi zazzagar da ita, sannan ka mayar. In ya ƙi karɓa, ƙara jinkiri a saitin SysEx na MIDI-OX. Wayar MIDI bayit 3,125 take ɗauka a daƙiƙa, tsofaffin na'urori ma ba sa son a cika musu baki.

Rabi na biyu na tambayarka kuwa, ba kai tsaye ba. Fayil ɗin ba sauti ba ne, lissafin saiti ne, sai injin da ya san shi zai mayar da shi kiɗa. Inda ake samun sauƙi shi ne in akwai manhajar da ta kwaikwayi injin kansa. Misali Yamaha DX7: rumbunsa na sauti 32 fayil ne mai bayit 4,104, kuma manhajar Dexed, wadda kyauta ce, tana buɗe shi kai tsaye.

Tambaya: Na gama waƙa, na fitar da ita MP3, sai na ji babu duk abin da fiyano ya kaɗa. Da na gwada ɗaukarsa kuma ga ƙugi a ƙasa, kuma yana ɗan makara.

Amsa: MIDI umarni kawai yake kaiwa, sautin yana fita ne ta ramukan L/MONO da R na bayan fiyano. Ja waya biyu daga nan zuwa saunkad, a matakin Line, ka kunna waƙar ka ɗauka kamar yadda kake ɗaukar muryar mawaƙi, daga farko har ƙarshe. Sa 24-bit, kada ƙololuwar sauti ta wuce -10 dB. Bayan nan ka yi wa tashar MIDI ɗin shiru, amma kada ka goge ta, za ka buƙace ta ranar da aka ce a canza kiɗa.

Ƙugin nan yawanci na wutar lantarki ne mai 50 Hz, yana shigowa idan na'urori na samun ayis ta hanyoyi daban-daban. Zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, ka gano shi. Jona fiyano da saunkad da sifiku a soket ɗaya, in bai isa ba sa akwatin DI ka danna Ground Lift. Kada ka karya ƙafar ayis ta fulogi, ranka ya fi ƙugi.

Makara kuma aunata ake yi. Rubuta gajeren bugun ganga a farkon layi, ɗauke shi, ka faɗaɗa hoton sautin ka ga milisakan nawa ya yi baya, sai ka ja duk abin da ka ɗauka gaba da wannan adadi. Yi amfani da direban ASIO na saunkad ɗin; bafa 128 a 48 kHz bai kai milisakan 3 ba. Ka kuma sani kowane bugu na cin kusan milisakan ɗaya a wayar MIDI, bi da bi suke wucewa, don haka sassa goma da suka faɗo a gaɓa ɗaya ba za su taɓa sauka tare ba. Wannan ma dalili ne na ɗaukar ganguna su kaɗai.

Tunda an zo batun wuta: duk na'urar da ta shigo ta hannu, karanta rubutun bayanta kafin ka jona. Ta Japan kan zo da 100V, ta Amurka 117V ko 120V, tamu kuwa 230V ce. Sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Tambaya: PSR ɗina in na haɗa da kwamfuta kowane maɓalli sau biyu yake bugawa, sautin kamar a cikin bututu.

Amsa: Maɓallin na kaɗa injin kai tsaye, kwamfuta kuma na dawo masa da bugun. Shiga saitin MIDI ka kashe Local. Ka tuna kunna shi in za ka fita wasa, domin ba kwamfuta shiru zai yi. In kana son sitayil ya bi gudun manhaja, mayar da Clock zuwa External ka kunna tura agogo a manhajar. A wannan hali ba zai tashi ba sai ka danna Play a kwamfuta.

Tambaya: Ina yawan tafiya da laftof. Akwai yadda zan tafi da sautin sarewar fiyanona ba tare da na ɗauki fiyanon ba?

Amsa: Akwai, Hajiya, samfur za ki ɗauka. Kashe Reverb da Chorus na fiyanon, domin in suka shiga samfur ba sa fita. Ba kowane maɓalli ake ɗauka ba, ɗaya cikin uku ya wadatar: fiyano mai maɓalli 61 zai ba ki samfur 21. In sautin na canzawa da ƙarfin bugu, ɗauki mataki uku, kamar 40 da 85 da 120, ya zama 63. Kowanne daƙiƙa 6 a sitiriyo 24-bit 44.1 kHz kusan MB 1.6 ne, jimla wajen MB 100. Rubuta bugun a MIDI da tazarar daƙiƙa 2 tsakani don jelar sauti ta mutu, ki ɗauka a zama ɗaya ba tare da taɓa ƙarar murya ba. Yanka su, kowanne da sunan maɓallinsa, kamar sarewa_C3_85, sai ki zuba a DirectWave, samfilar FL Studio, wato manhajar kaɗa samfur, ko ki tsara su a fayil ɗin SFZ. Masu Mac suna da Auto Sampler a MainStage da Logic, shi yake yin duk wannan da kansa.

Ganguna da bes da sautuka masu yankewa suna fitowa tsaf ta wannan hanya. Sarewa da goge sun fi wuya, saboda sai an nemo musu wurin maimaitawa a tsakiya inda kunne ba zai ji ɗinki ba. Kunna Crossfade a kan madaukin ki riƙa matsar da shi har ƙas ɗin ya ɓace. In sarewar na da karkarwa a jikinta, kashe ta kafin ɗauka ki ƙara ta a samfila, domin samfurin da aka ja sama zai yi karkarwa da sauri, wanda aka ja ƙasa kuma a hankali.