Amsa: Bin sawun ƙwayoyin garkuwar jiki da na'urar MRI

Ɗan'uwa daga Daura, ka tambayi ko MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, na nuna inda ƙwayoyin garkuwa suka nufa bayan an zuba wa mai sankara su. Tana nunawa, amma sai an yi musu alama tun a ɗakin gwaji.

Ana barin su sa'o'i cikin ruwa mai ƙananan ɓurɓushin ƙarfe, su haɗiye, a wanke ragowar, sannan a yi allura. Duk inda suka taru sai ya fito baƙi a hoto. A shekarar 2005 masu bincike a Holan sun gano da wannan dabara cewa a kusan rabin majinyatansu allurar ba ta shiga kaluluwar da aka nufa da ita ba.

Matsalar kuwa, duk rabuwar ƙwaya alamar raguwa take da rabi, ga ƙwayoyin T, wani nau'in ƙwayoyin garkuwa, da saurin yaɗuwa. Idan kuma ƙwayar ta mutu, wasu ƙwayoyin jiki na cinye ƙarfen, baƙin ya zauna, ka ɗauka tana raye. Zubar jini ma baƙin take bayarwa.

Sinadarin fulorin-19, da shi ma ake yin alama da shi, ya fi ƙarfe wajen ƙirga ƙwayoyin, domin naman jiki kusan ba shi da shi, sai dai yana buƙatar kan na'ura na musamman da dubban ƙwayoyi a wuri guda.