Sifana a Hannu, Magana a Baki

Ɗana, jawo benci ka zauna. Tun da ka dawo daga wata uku na koyon aiki a Jamus kake ta yi mini tambaya ɗaya: me ya sa mastan garejin da ka zauna a Situtgat bai cika riƙe sifana ba, sai tara yara kowace safiya yana bayani yana rubutu? Ka ce kai dai ɓata lokaci ka gani.

Ni ban taɓa hawa jirgin sama ba, amma na san abin da mutumin nan yake yi. A can, makanikin mota shekara 3 da rabi yake koyo, wasu kwanaki a gareji, wasu a makaranta, kuma yana da littafin da yake rubuta aikin da ya yi, masta ya duba ya sa hannu. Jarrabawar zama masta kanta kashi 4 ce, ɗaya daga ciki kan yadda ake koyar da yaro ne. Wato ba su yarda cewa iya kwance inji shi ne iya riƙe mutane ba.

Mu a nan Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, da ido muka koya. Masta ya ce "kawo 17", wato sifana mai lamba 17, ka miƙa, ka ja bakinka. Ka yi tambaya ka sha ranƙwashi. Haka aka yi mini, ni ma haka na yi wa na bayana, har ranar da ta koya mini hankali.

Wani direban bas ƙirar Sprinter mai jigilar Kumasi zuwa Tamale ya kawo mota juyen baƙin mai. Ina ƙarƙashin wata motar na ɗaga murya na ce wa wani yaro ya ɗaure notin ƙasan inji, inda ake tsiyaye baƙin mai. Ya ɗaure har ya cinye zaren notin. Ya gani sarai, amma tsorona ya hana shi faɗi. Sai ya naɗa leda, ya mayar, ya goge wurin tas da tsumma. Motar ba ta kai Techiman ba mai ya tsiyaye, inji ya buga, ga fasinjoji da kaya a bakin titi cikin rana. Ni na biya kuɗin gyaran, direban kuma bai sake tako ƙofata ba. Da na tsare yaron, hawaye yake yi yana cewa, "Masta, na ji tsoro ne." Na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai hannun ya yi nauyi. Wa ya dasa masa tsoron? Gyaran zaren nan bai fi aikin rabin awa ba da ya iya buɗe baki.

Tun daga ranar, in na ba yaro aiki sai ya maimaita mini da bakinsa. "Na ji" ba ta ishe ni ba. Kai ma shaida ne, a rumfar nan akwai mai jin Hausa, akwai mai Asantanci, akwai Dagomba da Farafara, ga direbobin Burkina Faso da ke zuwa da Faransancinsu. Yaro zai gyaɗa maka kai don ladabi alhali ko rabin maganar bai kama ba. Wanda kuma ya zo da kansa ya ce ya yi ɓarna, ba na zaginsa a gaban 'yan'uwansa, ko da raina ya ɓaci.

Mai mota ma haka. Kafin ka kwance noti ɗaya, gaya masa abin da ka gani, nawa zai kashe, yaushe zai dawo. In ka buɗe ka tarar da wata cutar, kira shi a waya kafin ka sayi kaya. Rigimar da nake gani a layin nan yawanci ba ta mugun gyara ba ce, ta "ai ba haka muka yi da kai ba" ce.

Ba duk abin da ka gano can ne zai zauna a nan ba. Ba mu da takardunsu, kuma wasu yaranmu ba su yi boko ba. Amma taron safen nan ba ya cin ko sidi ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu, kafin a buɗe akwatin kayan aiki, kai za ka tara su. Ka biya kasuwar Kejetia yau ka sayo littafin rubutu mai kauri, ga kuɗin.