An bar wa yayata ƙarfe a nono, shin zai yaɗa cutar?

Tambaya: Likita, yayata na fama da kansar nono. Da aka ɗebi naman gwaji, an bar mata ɗan ƙarfe a ciki. Ta gama kemo (ƙarin ruwan maganin kansa), ƙullun ya narke, amma an ce sai an yi tiyata, har da sa mata waya. Dangi sun ce daji ba ya son ƙarfe. Hankalinmu a tashe yake. Daga wata baiwar Allah a Kubwa, Abuja.

Amsa: Allah ya ba yaya lafiya, 'yar'uwa. Ƙarfen nan na taitaniyam ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma alama ce kawai. Kemo kan narkar da ƙari har hannu ya daina jin sa, alhali ƙwayoyin cutar na nan a maƙale. Ranar tiyata likitan hoto zai bi sikanin ko mamogiram (hoton nono) ya zura siririyar waya mai ƙugiya har kan alamar, mu likitocin tiyata kuma mu bi wayar mu cire wurin da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye. Sai a ɗauki hoton abin da aka cire, a tabbatar alamar ta fito tare da shi.

To, batun daji da ƙarfe. Wallahi na gaji da jin sa. Allurar gwaji ba ta yaɗa ciwon daji, wuƙar tiyata ma haka. Ga yadda zancen ya samo gindin zama: mace ta ji ƙullu, a hana ta asibiti, a yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe wurin mai magani har nono ya fashe, cutar ta kai huhu da ƙashi. Sannan a kawo ta. In ta rasu, a ce ƙarfe ne. Mai maganin da ya cinye kuɗinta da lokacinta fa? Babu mai tuhumarsa. Shi kansa, abin haushi, aska yake sawa ya tsaga nonon.

Binciken likita Fisher a Amurka da na likita Veronesi a Italiya, da suka bi marasa lafiya shekara 20, sun nuna a 2002 cewa in cutar ba ta yi nisa ba, cire ƙari kaɗai tare da gashi (gasa wurin da hasken na'ura don kashe ragowar ƙwayoyin cutar) bai rage tsawon rai ba in aka kwatanta da cire nono duka. Amma fa sai da gashin. Babban Asibitin Ƙasa na Abuja na yin sa, ku nemi layi tun kafin tiyata, kuma ku tambayi likita ko gefen naman da aka cire ya fita tas, babu ƙwayar cutar.