Sinkiro madubi ne, ba rumbu ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, na ɗora tsarin Debian da Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli da raba su tsakanin na'urori, a kan tsohuwar laptop ɗin yayana, yanzu lissafin shagonsa na Kasuwar Dole da hotunan gida da aikina na ƙarshen karatu duk suna ciki. Kwana biyu diskin yana wani ƙas-ƙas, ga zafi ga ɗauke wuta, wallahi barci ya gagare ni. Wani abokina a fada ya ce in kwantar da hankalina tunda komi yana sinkiro da wayata da kwamfutar shago, wai kwafi uku ke nan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da barcin ya gagare ka, diski mai ƙas-ƙas sallama yake yi. Yau da dare ka kwashe abin da ya fi muhimmanci zuwa wani diski, sannan ka buga umarnin duba lafiyar diski smartctl -a ka duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector, masu ƙirga wuraren da suka lalace a diskin, in sun bar sifili suna hawa to sauya shi kawai. Laptop a matsayin saba, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli tana raba wa sauran, kam ka yi dabara, batirinta ke riƙe ta in an ɗauke wuta, sai dai ka ɗaga ta daga kan katifa ka busa mata ƙurar hunturu, zafin Afrilu na Damagaram da ke haura digiri 40 ba ya raga wa ƙarfe.

Yanzu maganar abokinka, wadda kusan kullum sai na ji ta har ta ishe ni. Sinkiro, wato daidaita fayiloli su zama iri ɗaya a duk na'urorin, madubi ne. In ka yi murmushi ya yi, in ka zubar da haƙori shi ma ya zubar. Yaron shago ya goge dosiyen bashi bisa kuskure, ko birus mai kulle fayiloli ya shiga kwamfutar shagon, rezo na dawowa Nextcloud zai ɗauki ɓarnar cikin biyayya ya kai ta saba ya raba wa kowa, don aikin da aka sa shi ke nan, bai san gyara da ɓarna ba. Wayar ma da kake ƙirgawa, manhajar Nextcloud ta waya sunayen fayiloli take nuna maka, sai wanda ka taɓa take saukowa da shi. Kashe data da wifi ka gwada buɗe takardar bara ka gani. Kwafi ukun nan sun koma biyu tun ba a je ko'ina ba.

Za a ce ai akwai kwandon shara mai riƙe abu kwana 30. Akwai, amma a ina yake zaune? A kan diskin nan mai ƙas-ƙas, kuma in wuri ya matse da kansa yake zubar da tsofaffin. Wani gwanin fada kuma zai ce a sayo diski na biyu a yi RAID 1, wato a rinƙa rubuta abu ɗaya a diski biyu lokaci guda, shi ma madubin ne, yana tare maka mutuwar diski ɗaya amma bai tare gogewa, bai tare ɓarawo, bai tare wutar da ta dawo da ƙarfi ta gasa su tare. Manya ma sun sha wannan. A Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya goge rumbun bayanansu na gaske, da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar babu wadda ke aiki yadda aka zata, aikin wajen awa shida ya tafi. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVH, kamfanin hayar saba, a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu suka wayi gari hannu rabbana.

Bakof, wato kwafin ajiya, na gaskiya shi ne wanda ke tuna jiya da shekaranjiya kuma ba ya maƙale da saba. Manhajojin BorgBackup ko restic, duk kyauta ne, suna ajiye tarihi kuma suna kulle shi da kalmar sirri (rubuta ta a takarda don Allah, in ta ɓace ajiyar ta ɓace). In za ka yi bakof, dakatar da Nextcloud ta hanyar sa shi a maintenance:mode da umarninsa na occ, fitar da rumbun bayanai da umarnin mysqldump in MariaDB ce manhajar rumbun bayananka, haɗa da dosiyen data mai fayilolin da na config mai saitin, mutane da yawa data kaɗai suke kwashewa sai ranar wanka cibi ya fito. Zuba bakof ɗin a diski biyu na waje, ɗaya a gida a cire, ɗaya gidan gwaggo a Birni, kuna musanyawa duk Juma'a. Kada ka dogara da kilen USB mai arha da aka rubuta wa terabait, gwada ainihin girmansa da manhajar f3 tukuna, da yawa ƙarya ce a jikinsu.

In diskin ya mutu kafin ka yi bakof, kashe shi, kar ka kai wa mai gyaran da maganinsa ɗaya ne, fomatin. A fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani diski da manhajar ddrescue. In kuwa ka samu ka yi bakof ɗin, ɗauki kwamfutar abokin naka ka dawo da dosiyen bashi a kanta a gabansa, ka buɗe fayil ɗaya-ɗaya ka tabbatar suna buɗuwa.